Karkatacciyar Tsagar Inna

A shekarun da kuɗin mai ya fara shigowa ƙasar nan, ni malamin gona ne a Faskari. Ina da babur na ofis, ina da wando mai faɗin ƙafa wanda yake share hanya idan ina tafiya, ga kuma kyamara rataye a wuya. Kyamarar ma ta ofis ce. An ba ni ita ne don in riƙa ɗaukar gonakin gwaji, a nuna wa manoma bambancin masarar da ta sha takin zamani da wadda ba ta sha ba. Amma yadda nake yawo da ita a kasuwa, sai ka rantse da ita aka haife ni.

A wannan aikin na san halin fim. Iri uku nake samu a wani kanti a Funtuwa. Akwai baƙi da fari, wanda na raina, don a gona ba ya gaya maka komai, masara mai ƙoshi da mai yunwa duk toka-toka suke fitowa. Sai masu kala iri biyu. Ɗaya kore yake so. Idan na ɗauki dajin Sabuwa da shi a tsakiyar damina, ganye yakan fito shar kamar yanzu aka wanke shi. Ɗayan kuwa ja yake so. Jar ƙasar hanya, da barkonon da aka shanya a kan dutse, da hular dara, duk sai ya ƙara musu wuta. Baƙi da fari nan kusa ake wanke shi. Mai kala sai an aika Kaduna, ka zauna jiran mako uku, wani lokaci ma fiye. Jiran nan kansa burge ni yake yi, don a ganina duk abin da ake jira shi ne abin kirki.

Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, tana zaune a Tafoki. Tana da wa guda, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ya kama hanyar Makka a ƙasa tun kafin a haife ni. Shekara talatin da wani abu ba shi ba labarinsa. Dangi sun daɗe da sa shi cikin addu'ar mamata. Inna kaɗai ce idan an zo wajen sunansa ba ta cewa amin.

Sai ga jirgin sama ya mai da Makka kusa. Maƙwabcinmu, wani Alhaji mai sayen auduga, ya je aikin hajji ya dawo da labarin da ya hana gidanmu cin tuwon dare. Ya ce a wani lungu ya tsaya shan shayi wurin wani tsoho, ya ga tsagar fuskarsa irin ta gida ce, ya tambaye shi daga ina. Tsohon ya ce Tafoki. Kawuna ne. Ya tsufa, ya yi iyali a can, ya kuma yi niyyar a can za a binne shi. Saƙonsa guda ne: idan Alhaji zai komo baɗi, ya zo masa da hoton ƙanwarsa. Ya ce zai gane ta ko cikin mata dubu, don shi ya karkatar mata da tsaga.

Wannan labarin mun san shi tun muna yara. Ranar sunan Inna, wanzami yana cikin yi mata tsagar gado, sai wan nata, yana ɗan shekara goma, ya kutso kai don ya gani, ya bangaje gwiwar hannun wanzamin. Tsaga ta uku a kumatun hagu ta kauce, ta yi wajen kunne. Ya sha duka a ranar, ita kuma ta tashi da alamar. Inna takan shafa wurin idan tana tunani, ba tare da ta san tana yi ba.

Ita ba za ta iya zuwa ba, gwiwoyinta sun riga sun gaza, ko rijiya ba ta kaiwa sai ta huta a hanya. Shi kuma ba zai zo ba. Saboda haka hoton nan shi ne kaɗai ganin da ya rage a tsakaninsu.

Da lokacin tafiyar Alhaji ya matso, Inna ta kira ni ta ce, “Kai ɗan nan, ranar kasuwar Ƙanƙara ka kai ni wurin mai hoton nan na bakin rumfar tela.”

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Ga ɗanta da kyamarar zamani a wuya, ita kuma tana neman wani tsoho mai akwati a kan ƙafa uku, wanda sai ya cusa kansa cikin baƙin ƙyalle kafin ya ga mutum. Na ce, “Haba Inna, ai ni zan ɗauke ki, kuma mai kala. Kawu ya ga mun ci gaba.”

Ta ce, “To, kai ka sani.”

Duk da haka ranar kasuwa na biya ta wurin tsohon, ba don neman shawara ba, sai don in nuna masa kayan aikina. Ya karɓi kyamarar, ya juya ta, ya yaba. Na gaya masa abin da zan yi, har da labarin tsagar. Ya miƙo mini ita a hankali ya ce, “Malam, hoton ga na mi ne ne? Na ado ko na gane mutum?”

Na ce, “Duka biyu, Baba.”

Ya ce, “In tsaga kake so ta hito, sa baƙi da hwari. Ka zaunar da ita a inuwa da hantsi, haske ya zo mata ta gehe. Mai kalar ga na ga aikinshi hannun mutane. Tuhwahi shika gani. In ya samu baƙar hwata cikin rana, sai ya bar maka riga ya cinye huskar.”

Na yi dariya irin ta wanda ya yi makaranta. A raina na ce tsoho yana kare sana'arsa ne. Na yi masa sallama na hau babur.

Na zaɓi fim ɗin nan mai son ja, don na riga na saya wa Inna sabuwar atamfa ja mai zanen ruwan ɗorawa. Ranar ɗauka ta yi wanka, ta sa kwalli, ta ɗaura zanen, matan gida suna ta yi mata tsiyar amarya. Na tsayar da ita jikin bangon da aka shafe da farar ƙasa, rana tana tsaka, don na ji an ce mai kala rana yake so. Ta ƙanƙance ido ta ce rana tana dukanta. Na ce ta yi haƙuri, yanzu za a gama. Sau uku na danna, na ƙarasa sauran fim ɗin a gonar auduga, na aika Kaduna.

Hotunan sun dawo saura kwana tara Alhaji ya tashi. A ofis na buɗe ambulan. Audugar ta fito tas. Atamfar Inna kuwa ba a magana, jan nan kamar ka taɓa ya ƙona ka, har zaren bakin zanen ana iya gani. Amma daga ɗankwali zuwa wuya inuwa ce kawai, sai ɗan ƙyallin goshi da farin ido biyu. Na kai hoton bakin taga, na ƙura masa ido, a hankali sai na fara ganin hancinta, na ga bakinta, har na ga kamar ga tsagar nan. Yanzu na san ba a takardar na gan su ba. Ni na san fuskar uwata, ni na cika abin da babu.

Wannan wurin ne yake ci mini rai har yau. Akwai ranar kasuwar Ƙanƙara guda kafin tafiyar Alhaji. Tsohon nan mai hoto a ranar yake ɗauka, a ranar yake wankewa. Abin da ya rage mini kawai in sa Inna a mota, in tsaya gabansa in ce, Baba, ka yi gaskiya. Ban iya ba. Na kai wa Inna hoton, ita kuma idonta ya fara rauni, ta riƙe shi nesa da fuska ta ce, “Kai, zanen ga ya yi kyau.” Matan gida suka karɓa suna ta santin kala. Na bar yabonsu ya rufe mini baki.

Alhaji ya tafi, ya dawo lafiya. Bayan an rage 'yan barka da zuwa ya shigo gidanmu, aka shimfiɗa masa tabarma a ƙofar ɗakin Inna. Ya ajiye dabino da ruwan zamzam da carbi, ya ce duk daga wanta. Inna ba ta ko dubi kayan ba.

Ta ce, “Alhaji, ya gane ni?”

Alhaji ya gyara zama. Ya ce da ya miƙa hoton, kawu ya tashi ya fita da shi waje inda haske yake. Ya juya shi nan, ya juya shi can, ya goge shi da hannun riga, ya sake dubawa. Ya daɗe a tsaye har shayinsa ya tafasa ya zube.

“Sannan ya ce a gaya maki zane ya yi kyau, Allah ya sa a kashe lahiya.”

Inna ta ce, “Shi ke nan abin da ya ce?”

“Ya ce shi dai bai ga tsagar ba. Amma tunda na ce ke ce, to ke ce.”

Ina tsugune a gefe, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na jira Inna ta yi mini faɗa, da ta yi da na ji sauƙi. Ta yi wa Alhaji godiya, ta raba dabinon gida-gida. Sai da daren kasuwa ya zo ta ce, “Gobe ka kai ni Ƙanƙara.”

A motar haya muka tafi, na bar kyamarata a gida. Tsohon ya gan mu, ya gane ni, bai kuma tuna mini da komai ba. Wannan kawaicin nasa ya fi zagi zafi. Ya gaishe da Inna, ya ajiye mata kujera a inuwar bango, ya ce ta ɗan ja mayafi baya. Ya karkatar da fuskarta kaɗan zuwa dama, yadda hasken hantsi zai bi ta kan kumatun hagu. Ya shige ƙyallensa, ya fito, ya sake gyara mata zama, ya koma. Sau ɗaya ya ɗauka.

Kafin la'asar ya ba mu hoton. Tsohon zanenta ne a jikinta, ba wanda zai iya cewa ga launinsa. Amma fuskar tana nan dukanta. Tsaga ta ɗaya, ta biyu, ga ta ukun ta kauce ta nufi kunne, har da ɗan tabon da askar ta bari a ƙarshenta. Na daɗe ina kallo a tsakiyar kasuwa. Shekara ashirin da bakwai ina ganin matar nan, ban taɓa lura cewa gefen bakinta na hagu ya fi na dama ɗagawa ba.

Inna ta naɗe hoton a ƙyalle ta sa a ƙasan kwalla. Shekara guda yana nan. Duk bayan 'yan makonni takan ciro shi ta duba, kamar mai tsoron kada tsagar ta gudu. Da lokaci ya yi, Alhaji, wanda auduga ta yi masa albarka a shekarun nan, ya sake niyya. Da hannunta ta ba shi.

Wannan karon da ya dawo bai jira an watse ba, washegari da safe ya shigo. Tun daga yadda ya yi sallama na san babu daɗi. Ya zauna, ya yi salati, ya ce kawu ya rasu tun kafin azumi, an binne shi inda ya so. Ya ciro ƙyallen Inna, ɗaurin da ta yi masa ko kwancewa ba a yi ba. Sannan ya ciro wani abu daga aljihun gaba, ya ce iyalin mamacin ne suka ba shi, a cikin jakar Alƙur'aninsa suka same shi.

Hoton nan ne mai kala da na ɗauki Inna. Gefunansa sun lanƙwashe, jan atamfar yana nan da sauransa. Amma wajen fuskar, ta ɓangaren kumatun hagu, baƙin ya goge har farar takarda ta fito, daidai faɗin babban yatsa.

Inna ta jera su biyu a kan cinyarta. Ba ta yi kuka a lokacin ba, ni ne na yi, gaban Alhaji da matan gida, ban ji kunyar kowa ba. Ta bari na gama. Sannan ta ɗauki mai kalar ta sa cikin ƙyallen, ta ɗaure, ta miƙo mini baƙi da farin.

Ta ce, “Wanga shi ya riƙe, shi zan aje. Wancan kai ka tahi da shi. Kai ma wata rana za ka nema.”

Inna ta rasu shekaru da yawa yanzu. Hotunan gonakin da na ɗauka duk sun koɗe, koren Sabuwa ya koma ruwan ƙasa. Nata yana nan yadda tsohon ya miƙo mana shi. Idona ni ma ya fara rauni, sai na fita da shi bakin ƙofa inda haske yake, in ƙirga ta ɗaya, ta biyu, in tsaya a ta uku.