Kangon Hamidu

Duk wanda ya zauna Gazawa a shekarun da soja suka fara sakin mulki ya san Jatau mai igiya. Wanda bai san shi da alheri ba ya san shi da taurin kai. Dogo ne siriri, ja kamar yadda sunansa ya faɗa, kuma ko magana yake da kai hannunsa na tufka. Sana'arsa ke nan tun tasowa: ya sayo kaba, ya jiƙa, ya miƙe ƙafa ya tufka igiyar guga da ta ɗaurin shanu, ranar kasuwa ya rataya su a kafaɗa ya shiga cikin mutane.

Rumfarsa tana bakin wani makeken fili a bayan tasha, wanda kowa ke kira Kangon Hamidu. Hamidu ƙanensa ne, ciki ɗaya. Da aka raba gadon mahaifinsu, Jatau ya samu gonar daji, Hamidu ya samu wannan wuri, lokacin yana bayan gari da gawo da aduwa a cikinsa. Shekarar babban fari shanun Hamidu suka mutu, ya ɗauki amaryarsa Lantana ya ƙetara iyaka neman abinci. A bakin mota ya riƙe hannun wansa ya ce, "Yaya, ga wurina nan, ka riƙe mani har in komo." Jatau ya ce to. Wannan to ɗin ita ya riƙe kusan shekara ashirin.

Gari ya yi ta girma har ya haɗiye filin. Ɗakin Hamidu ya rushe, masu neman itacen girki suka sare abin da ke tsaye, masu yin tubali suka haƙa rami a gefe, daga bisani unguwa ta maida wurin juji. Da damina wari, da rani leda da toka. Abin mamaki, duk wannan bai hana Jatau barci ba, don shara ba ta taɓa raba mutum da ƙasarsa. Abu ɗaya yake tsoro, shi ne dashe. A ƙasar nan wanda ya dasa itace a wuri ya kafa hujja a kansa, shi ya sa ko gona aka ara maka za ka shuka gero da wake iya ƙarfinka, amma ba za ka kafa ko ƙwayar tsamiya ba. Shi kansa Jatau bai taɓa dasa komai a filin ba, tunda ba nasa ba ne.

Sai ga zamani ya juya. Aka yi babban taron ƙasa a Yamai, rediyo ba ta da zance sai dimokuraɗiyya, kowa ya samu baki. Ƙungiyoyi suka yi ta tasowa, har masu faskare sai da suka zaɓi shugaba. Surajo, wani malamin lakol, wato makarantar boko, mai sanyin hali wanda duk gari ke kira Mushe, yadda ake kiran malaman boko daga Faransanci, ya haɗa iyayen yara da matan unguwa da masu amalanke, suka yi tasu. Burinsu a kwashe jujin nan, a dasa itatuwa, gari ya samu wurin shan inuwa, yara su ga tsuntsu da idonsu ba a littafi ba. Har sun raini 'yan itatuwa cikin leda a bayan lakol kafin su zo gaida mai wurin.

Jatau ya shimfiɗa masu tabarma, ya ba su ruwa, ya saurare su har ƙarshe, sannan ya ce a'a. Surajo ya yi tayin a je gaban mai gari da shaidu a tabbatar fili na Hamidu ne har abada. Jatau ya ci gaba da tufka, can ya ɗago.

"Mushe, ku kam na yarda da ku. Amma in munka mutu, ni da kai da shaidun, wa za a tambaya? Itacen za a duba, a ce wa ya dasa shi."

Gari kuwa ya sa shi gaba da surutu. Lokacin kamfen ne, kowa ya iya manyan kalmomi, aka ce Jatau maƙiyin ci gaba ne. Wannan bai dame shi ba, don bai ma san abin da ake nufi ba. Abin da ya soke shi shi ne maganar da matarsa Hawa ta jiyo a bakin rijiya, wai tsoho yana gadin filin matacce. Ranar ko tuwo bai taɓa ba. Shi kuwa duk direban da ya dawo daga kudu sai ya tare shi ya tambayi labarin wani Hamidu, ja, mai wushirya, ɗan Gazawa. Direbobi har sun saba, tun kafin ya buɗe baki suke girgiza kai.

Wata safiya ya tarar wani mai zumuɗi ya kafa dogon yaro a tsakiyar filin, har da ban ruwa. Bai yi faɗa ba. Ya tone shi da ƙasarsa a hankali don kada saiwar ta ji ciwo, ya kai lakol ya ajiye a ƙofar ajin Surajo, ya ce ga kayansu sun yi ɓatan hanya. Daga nan ya ɗauki gatari, rani guda yana jawo ƙaya daga daji, ya yi wa filin shinge ya ɗaure da igiyarsa. Igiyar Jatau kuwa ba ta tsinkewa, wannan ko maƙiyinsa ya sani.

'Yan ƙungiya ya yi nufin tarewa, sai ya tare awaki. Da ruwan farko ya sauka, tsofaffin kututturan da dabbobi ke cinye tohonsu kowace shekara suka samu sarari. Sabara ta fito, kalgo ya fito, can kusa da inda ɗakin Hamidu yake gawo ya jefo 'yan rassa. Jatau ya tsaya yana kallo, haushi da daɗi suka haɗe masa, ya rasa wanda zai nuna.

Surajo ya zo da la'asar, ya durƙusa ya gaida shi, ya daɗe yana leƙen cikin shingen. Sannan ya tambaya a ladabce ko abin da ya fito da kansa shi ma dashe ne. Jatau ya juya maganar, ya sake juyawa, yana neman inda tarko yake, bai samu ba. Ya ce wannan na Allah ne, ba wanda zai kafa hujja da shi. To, in ji Surajo, ko za a bar su su yi wa na Allah hidima? Jatau ya ce su yi, amma ranar da ya ga leda ɗaya ta dashe ta shigo, zance ya ƙare.

Haka aka yi gayya. Masu amalanke suka kwashe jujin zuwa gonaki, har ana rububinsa don taki ne. Mata suka tsince leda da kwalabe. Jatau, wanda ya rantse shi kallo kawai zai yi, kafin azahar shi ke gaba da wuƙa yana rage tohon kowane kututture, ya bar masu ƙarfi su miƙe. Damina biyu wurin ya canza kama. Ramin tubali ya zama tafki, balbela ta fara sauka, tsofaffi suka maido hirarsu ta yamma gindin kalgo. Itatuwan bayan lakol kuwa har sun fasa ledarsu. Surajo ya ci gaba da ba su ruwa, bai sake ta da zancensu ba.

Ana tsakiyar damina, wata ranar kasuwa, wata matashiya da goyo ta sauko daga mota ta nemi rumfar Jatau mai igiya. Tana buɗe baki don gaisuwa ya ga wushiryar, igiya ta faɗi daga hannunsa. Sunanta Saliha, ita kaɗai Hamidu ya haifa. Uwarta ta rasu tun tana ƙarama, mahaifinta kuma ya cika kafin azumi a wani ƙauye can kudu, inda ya ƙare rayuwarsa yana noman haya. Ta ce kullum yana cewa baɗi zai koma gida, kunyar komawa hannu wofi ce ta riƙe shi.

Bayan an share makoki liman ya yi bayani: rabin filin na Saliha ne, sauran na Jatau. Tunda yake a duniya bai taɓa ƙin wani abu kamar yadda ya ƙi wannan rabo ba. Ya ɗauki yarinyar ya zaga da ita, ya nuna mata gawon da ubanta ke ɗaure shanunsa a gindinsa, da inda ƙofar ɗakin uwarta take. Saliha ta ce gidan mijinta da nisa, ita ba za ta zauna ba. A bar mutane su sha inuwa, sunan Baba dai kada ya fita daga wurin.

Jatau ya aika aka kira Surajo, ya ce ya zo da tsamiya ɗaya. Surajo ya zo da biyu. Jatau ya haƙa ramin da kansa, ya ja da baya ya ce, "Ɗiyata, ke za ki sa da hannunki, kowa shi gani." Ta sa, ta tura ƙasa, ta danna. Sai Surajo ya miƙa wa Jatau ta biyun.

Ya daɗe riƙe da ita. Shi ya san muddin bai dasa ba, Hamidu yana hanya. Ya durƙusa da ƙyar, ya yage ledar, hawaye na bin gemunsa, bai ɓoye ba.

"Na riƙe maka, Hamidu," ya ce a hankali. Sannan ya dubi Surajo. "Mushe, ku kawo sauran."

Ya ci gaba da tufkarsa a bakin filin har tsamiyar ta fi shi tsawo. Motocin kudu suna tsayawa a gabansa kullum, yana ɗaga wa direbobi hannu, amma bai ƙara tambayar su labarin kowa ba.