Gidan Zariya da Lamunin Aminina

Ina aikin gyaran na'urorin sanyaya ɗaki a dogayen benayen unguwar West Bay, can a ƙasar Larabawa, sa'ad da aminina na ƙuruciya ya yi mini tayin gidansa na Zariya. Bai ɓoye mini kome ba: wani attajiri ya yi ƙararsa saboda bashi, kotu kuwa ta ɗora hukuncin a kan gidan.

Lauyan da ƙanena ya samo ya ba da shawara a cire bashin daga kuɗin ciniki, a biya a kotu, a wanke gidan tukuna. Sai aminina ya kira ni, ina zaune a ɗakina na unguwar Bin Mahmud.

"Alhaji, kuɗin nan jari zan yi da su," in ji shi. "Zan sa hannu a takarda, in wata magana ta taso, a wuyana. Ko ruwan Larabawa ya wanke maka amana ne?"

"Malam, kai dai ba ka rabo da tsiya," na ce. Muka yi dariya.

Wanda kuka ci tuwo a akushi ɗaya ba a ce masa ya kawo shaida. Na karɓi takardar lamuninsa, na aika da gumin shekaruna, mai ɗakina ta tare a gidan ita da yara.

Jarin ya karye, bashin bai biyu ba. Kotu kuwa ba ta san aminci ba, gida ta sani. Aka sa ranar gwanjo. Lauya ya ce takardar ba ta iya kare gidan, iyakarta ta ba ni ikon bin aminina. Kafin kafil, wato ubangidana a wurin aiki, ya ba ni hutu, Allah ya yi wa aminin nawa rasuwa.

Ƙanena ya kira ni daga wurin jana'iza. Ta cikin waya na ji liman yana tambaya ko akwai mai bin mamaci bashi.

"Yaya, in yi magana?" ya ce, murya ƙasa-ƙasa.

Abin da mamacin ya bari marayu ne da ɗakin haya. In na yi magana, su za su ɗauka. In na yi shiru ban yafe ba, a kabari zai ɗauka.

"Ka ce na yafe."

Aka yi gwanjon gidan, ban taɓa kwana a cikinsa ba. Mai ɗakina ta kwashe kayanta zuwa gidan ƙanena. Da furfurata na je ofis, na roƙi a sabunta mini kwantiragi.