Ta buɗe mini ƙofa, na tsaya a layin wata

"Ke kuma 'yar wace ƙungiya ce?"

Haka mai rajista ta tare ni jiya a unguwar Abbasiya, a nan ƙasar Larabawa da muke karatu. Wata ƙungiyar ɗalibai mata 'yan Najeriya ce ke zaɓen fidda gwani na takarar shugabancin ɗalibai tsakanin Anti Hajara da Anti Rukayya. Ni ba na cikin kowace ƙungiya, daga makaranta sai ɗaki da littattafan soyayyata. Amma Anti Rukayya ta yi alkawarin kawo darasin tilawa kusa da mu 'yan unguwar Arba wa Nus, mu huta da hawa mota biyu. Shi ya fito da ni.

"Ma'alish, yi haƙuri, sai masu katin ƙungiya," in ji mai rajista.

Har na juya, sai ga muryar Anti Hajara.

"Yaushe muka canja doka? Wadda ba ta da ƙungiya ta nuna katin makaranta, ta sa hannu ba za ta yi zaɓe a wata ƙungiyar ba, khalas, shi ke nan."

Kaina a ƙasa na ce, "Anti, ba fa bayanki zan tsaya ba."

Ta yi dariya. "Na sani, ƙanwata. Tun ɗazu kike leƙen Rukayya kamar amarya ta hango ango. Yalla, shige!"

Zaɓen ƙato bayan ƙato ne, kowa a bayan gwanarta. Da aka ƙirga, Anti Hajara ta faɗi, kuma ita ta fara tafi.

Wallahi ta burge ni. Ku fa, za ku iya buɗe ƙofa ga ƙuri'ar da za ta kayar da ku?