Shekarar da Bidi Ya Ci Tseren Kudan

Asubar Laraba muka bar Kurmin Kogi, ina kan jaki, Malam maigidana yana jan dokinsa Bidi. Bai hau shi ba, wai kada ya gaji. Yayan Malam ya rantse, in dokin nan ya sake faɗuwa a tseren Kudan, a sayar da shi a sayi jakuna.

Tseren kuwa duk kaka ake yinsa a miƙaƙƙen fili, daga kuka zuwa tsamiya. Ban yi karatu ba, amma ku tambaye ni dawakin da suka ci. Akawal, baƙin dokin wani mahauci, shi ya fara ci, sau biyu a jere. Sai kilin wani Bafillace. Sai hurde, sai kilin ya sake. Waɗannan biyun na ƙarshe, Bidi ne a gaba, aka wuce shi dab da tsamiya.

Ikara
Da hantsi muka iso. Ɗan doka ya duba haƙorin Bidi ya ce, "Ba wannan ne mai tsayawa gaisuwa ba?" Malam ya sunkuyar da kai. Na sayi furar kobo, muka wuce.

Makarfi
Bayan la'asar muka sauka gidan goggona. Tuwon dawa, miyar kuka, harawar kobo uku don Bidi. Ita ta fasa mini zancen: "Ke ba ki sani ba? Ubanki a bakin tsamiya yake zama. Wane ɗan mutunci zai wuce surukinsa a sukwane? Da mijinki ya hango shi sai ya ja linzami ya sauka."

Likoro
Alhamis da azahar muka isa gidanmu. Na durƙusa gaban Baba, kunya kamar ta kashe ni.

"Baba, gobe da ka huta a gida."

"In huta? Ni da nake zuwa don in ƙarfafa wa yaron nan gwiwa?"

Na faɗa masa abin da goggo ta ce. Sai dariya ta ƙwace masa har da tari. "Ashe ni ne ramin da ke kan hanya!"

Kudan
Juma'a bayan an sauko masallaci aka jera dawaki. Baba ya ari malfar wani makiyayi, ya kifa ta har hanci, ya shige cikin masu rake. Aka saki tuta. Malam yana gudu yana waige-waige, bai ga kowa ba, Bidi ya wuce tsamiya, kili na bin ƙurarsa.

Sai ga malfa ta tashi sama, tsoho yana ihu, "Nawa ne! Nawa ne!" Malam ya diro, ya tuɓe takalmi, ya zube.

"Baba, ban gan ka ba, a gafarce ni."

"Tashi, ɗan nan. Baɗi ma ba za ka gan ni ba."

Ranar Lahadi da magariba muka shiga gida lafiya, Malam a kan dokinsa. Allah mun gode, ya jiƙan Baba.