Ranar da Tsohuwa Ta Faɗa Kogi

Jiya a kasuwar Jimeta wata mata ta miƙo mini ɗinya in ɗanɗana. Ɗaya tak na sa a baki, sai lambunmu ya faɗo mini a rai.

Ka ga, lambun ɗinya gare mu a Vinikilang, daf da gaɓar Binuwai. Kakanmu ne ya share dajin, ya bar wata ƙatuwar ɗinya da ya tarar a bakin ruwa, ya dasa ƙanana a bayanta. Ita wannan babbar muke kira Tsohuwa. Bayan rasuwarsa, Kaka ta riƙe lambun, kuma ita ma Tsohuwa kowa ke ce mata. Ban taɓa ganin aibun wannan ba sai ranar da zan gaya maka.

In damina ta ja baya, lambun cika yake yi. Ma'aikata sukan zo da iyalansu bayan an tashi daga coci, ɗaliban jami'a daga Sangere su zo a ƙafa da yunwarsu. Wasu maɗin ɗinyar Kaka ke kawo su, wasu shiga kwalekwale. Dokarta ɗaya ce: ka ci abin da ya faɗo har haƙoranka su yi baƙi, amma kar ka hau Tsohuwa, kar ka jefe ta. Na ga ta kori babban mutum mai mota saboda dutse guda.

A shekarar da kogi ya yi mummunar cika, muna karyawa a gidanmu na Jimeta, Kaka kuwa tana can lambun, sai ga masuncin da ke maƙwabtaka da lambun, a jiƙe, yana haki.

"Tsohuwa ya faɗi a ruwa," ya ce. "Ruwa ya tafi da shi."

Hausarsa ke nan, mace da namiji duk ɗaya ne. Kofin shayi ya suɓuce wa Baba. Goggo ta zube ƙasa tana salati. Babu wanda ya tambaye shi wace Tsohuwar. Har yau ban san yadda muka haye gada ba, na dai tuna Baba ba takalmi.

Muna isa muka tarar da Kaka zaune a kan turmi, lafiyarta ƙalau. Gaɓar ce ta zabtare. Inda bishiyar take babu komai sai jan ruwa yana juyawa. Baba ya riƙe Kaka yana dariya yana hawaye, yana cewa, "Ashe itace ne kawai, Dada. Mun gode Allah."

Ta dube shi kamar baƙo. "Itace kawai?" ta ce. "A gindinta ubanka ya fara yi mini magana."

Ban taɓa jin tsoro irin na lokacin ba, domin ban taɓa ganin Kaka ta yi shiru an kai ta gida ba. Ba ta sake dafa maɗi ba. Baƙi suka zo, suka ga ba mai yi musu faɗa, suka daina zuwa. Kafin ɗinya ta sake nuna, mun binne ta.

Yanzu kogi ya cinye rabin lambun, sauran an yi gidajen haya. Shekaru muna tsokanar masuncin nan da Hausarsa. Ni na daina. Mutumin bai yi kuskure ba, ya dai riga mu sani ne.