Mama ta yarda da balan-balan

Jama'a, yau bakina ya jawo min!

Baba ya ce hutun nan jirgin ruwan Kogin Nilu za mu bi, kowa ya zaɓi yawon da za a yi in mun sauka. Don in tsorata Yaya Hafsa na ce, "Balan-balan ɗin garin Luxor, mai ɗaga mutane sama cikin kwando!"

Na tabbata Mama za ta hana. Sai ta ce, "Tamam! Na daɗe ina son hawa."

Baba ya ce, "Khalas, an gama."

Ni da ko barandarmu ba na iya leƙawa! Yaya Hafsa har da tafi: "Jarumi, kai ne a bakin kwando."

Duk wanda na taɓa tsokana, don Allah ya yafe min.