Baba Mai Tsani da Makunnin Asibiti

Ƙarfe bakwai na safe Baba Mai Tsani ya riga ya ɗaure tsaninsa a bayan babur, ya fita duba wayoyin da bam ya tsinka jiya. Shekara talatin da ɗaya ke nan yana aiki a kamfanin lantarki, huɗu daga ciki a cikin yaƙi. Ƙarshen watan nan zai yi ritaya, kuma abin haushi, ko sau ɗaya ba a taɓa kiran sunansa a rediyo ba.

Lokacin da gwamnati ta ce a rage hayaƙin da ke gurɓata iska a koma wutar rana, manyan ofis suka shirya jibge farantan sola a fili ɗaya, gefen babbar tashar lantarki. Baba ya ɗaga hannu.

"Ranka ya daɗe, abin da aka tara wuri ɗaya, bam ɗaya ya ishe shi."

"Baba, kai dai ka ji da wayoyinka," in ji manaja.

Bai yi zuciya ba. Ya yi ta naci har aka ba shi ragowar faranti goma sha biyu, ya kafa su a rufin ƙaramin asibitin unguwa da batiransu. Ya sa makunnin hannu mai raba asibitin da babban layi ya mayar da shi kan batiran, ya kuma kafe cewa duk Laraba sai babbar nas ta ja shi da kanta yana tsaye. Ta sha yi masa mita, wai tsohon nan ya mayar da ita leburarsa.

Ranar da aka bugi babbar tasha, da hantsi ne, Baba yana can ƙetaren gada. Ya san janareton asibiti ya kwana biyu ba mai. Ya kuma san akwai wata tela, uwar 'ya'ya uku, da ake yi wa wankin ƙoda a daidai wannan lokacin, jininta na zagaya cikin inji. Tsoro ya kama shi sosai. Ya yi minti arba'in a hanya, ya faɗa ɗakin wankin ƙodar yana haki, sai ya tarar inji na aiki, telar tana gyangyaɗi.

"Baba, ka makara," in ji nas. "Hannuna ne ya ja makunnin, kafin ma in tuna."

Lalle da tsohuwar zuma ake magani. Kai ne ka hango ɓarna tun ana yi maka dariya, Baba, ka jure mita har hannun wata ya koyi aikinka. Mun gode, Allah Ya saka maka da alheri, Ya ba ka hutu cikin lafiya.

Ku kuma masu tsara mana wuta a ofis, ku riƙa sauraron masu hawa tsani. Telar nan tana nan da ranta, makon jiya ma ta aurar da babbar 'yarta.